Duka Ja Ne

Duk direban da ya yi lodi a tashar Azare a shekarun tamanin ya san Ya'u Mai Wayarin, ko da kuwa bai taɓa kai masa mota ba. Gajere ne kakkaura, mai saurin fushi, bakinsa ba ya raga wa kowa. Wurin aikinsa yana bayan tasha, a gindin wata bishiyar maina, jingine da shagon Azubuike mai sayar da kayan gyaran mota. Benci ɗaya ne, da akwatin ƙarfe, da ɗan kurfoti da yake gasa ƙarfen narka dalma a kai. In ka ga wurin ba za ka ce ana cin abinci da shi ba.

Asalinsa ɗan Sakwa ne. Cin rani ya kawo shi Azare yana saurayi, ya faɗa hannun wani Bayarabe mai wayarin, Baba Olusegun, daga nan bai ƙara riƙe fartanya ba. A wurin Baba ya ɗauko ƙa'idojin da ya yi ta gallaza wa direbobi da su har ƙarshen aikinsa. Kafin ya taɓa komai sai ya cire kan batir. Duk sabon abin da za a ƙara wa mota sai ya ba shi fis nasa na kansa, kusa da batir. Ba ya murɗe waya biyu ya bar su haka, sai ya zuba musu dalma ya naɗe da salatif. In waya za ta bi ta hujin ƙarfe, sai ya yanko tsohon tif na taya ya yi mata riga, don kada gargadar hanya ta sa ƙarfen ya ci ta. Aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, Ya'u sai ya kai ka azahar.

Zamanin kuwa na ado ne. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai kowa ya koma yi wa tsohuwarsa kwalliya. Wannan yana son rikoda da sifika a bayan kujera, wancan yana son oda mai waƙa wadda za a ji tun daga kan kwana, wani kuma ƙananan fitilu kore da rawaya zagaye da gilashi. Masu wayarin na gaggawa suka cika gari, suna feɗe waya da haƙori su laƙa duk inda suka ga wuta. Motoci suka yi ta hayaƙi a hanya. Amma ba a taɓa jin motar da Ya'u ya sa wa hannu ta kama da wuta ba, har abin ya zama magana a tasha. In ana cinikin tsohuwar mota, mai ita yakan dafa ta ya ce, "Wayarin ɗin Ya'u ne a ciki," shi ke nan an wuce wannan.

Wannan suna shi ne abin da ya mallaka a duniya. Bai gina gida ba, a ɗakuna biyu na haya ya tsufa. 'Ya'yansa mata ne, duk sun yi aure sun tafi. Sunan nan shi ne gonarsa, shi ne garkensa, kuma ya san da haka, shi ya sa yake taka ƙasa da ɗan ƙarfi.

Sai ido ya fara. Da farko gefe-gefe ne ya dushe, ya ɗauka gajiya ce. Daga baya in ya sa kai ƙarƙashin sitiyari, inda babu haske, sai wayoyin nan su koma masa abu guda, ba ja ba kore. Ya sa tozali, ya sha sassaƙe, ya ɗiga duk abin da aka ce a ɗiga. Ya ce wa mutane zai je Kano sayen kaya, ya wuce asibitin ido. Likita ya haska masa fitila ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana hanya. A mota ya yi kukansa, fuskarsa a taga, har suka iso Azare.

Mutum mai hankali da sai ya faɗa. Ya'u ya zauna ya auna, ya ga cewa ranar da aka ji mai wayarin ba ya gani, ranar ce ta ƙarshe da za a ajiye mota a gindin mainar nan. Don haka ya shiga ɓoyo. Ya sallami masu koyon aiki a wurinsa, ya ce sun ƙware, alhali tsoron bakinsu yake ji. Ƙwan gwajin da yake gane wuta da shi ya cire, ya ɗaura wata 'yar ƙararrawa a madadinsa, in ya taɓa waya mai wuta sai ta yi ƙara. Direbobi suka yi ta yaba basirarsa. Kaurin waya kuwa da inda ta nufa, yatsunsa sun san wannan ba sai an gaya musu ba. Launi ne kawai yatsa ba ya ji.

Nan Kande ta shigo. Matarsa ce tun ta ƙuruciya, mace mai sanyin magana wadda ba ta taɓa leƙa cikin inji ba. Ita kaɗai ya gaya wa. Ta kwaso tukunyar ɗanwakenta daga ƙofar gida ta dawo da ita gindin maina, wai a nan an fi ciniki. In aiki ya kai inda ake bukatar ido, sai ya yi gyaran murya ya ce a kawo masa ruwa. Ta zo da moɗa ta sunkuya a ƙofar mota, ya jawo wayar ya ce a hankali, "Wannan fa?" Ta ce fara ce, ko baƙa, ko rawaya. Ya kurɓi ruwan ta koma. 'Yan tasha suka samu abin tsokana, suna cewa soyayyar tsufa ta kama Ya'u, ruwa ma sai an ba shi a baki. Yakan zage su, su yi dariya, a haka asiri ya rufu har damina biyu ta wuce. Motocin da ke zuwa yawanci irin waɗanda ya san cikinsu ne tun yana gani, tambayar ba ta da yawa.

Ana nan sai Bappa ya kawo bas ɗinsa. Bafillace ne daga wajen Gololo, dogo, mai yawan kunya. Annobar shanu ta share masa garke, ya sayar da 'yan waɗanda suka rage, ya sayi wata tsohuwar bas ƙirar Jamus, irin mai inji a baya, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Azare da ƙauyuka. Ita ce abincinsa da na iyalinsa da na tsohuwarsa. Yana son a sa masa manyan fitilu biyu a gaba saboda dabbobi a hanya, da rikoda don fasinja.

Ya'u ya cire kan batir, ya shafa akwatin fis, nan take yatsansa ya ji abin da ya fi tsana. Ya zaro shi ya ɗaga sama. Farar takardar cikin kwalin taba ce, mai ƙyalli, an naɗe mataccen fis ɗin sigina da ita.

"Bappa, mene ne wannan?"

"Malam Ya'u, yawan mutuwa yake yi, sai wani ya nuna mini."

"Fis don ya mutu aka yi shi. Shi ya mutu, mota ta rayu. Kai ka hana shi mutuwa, to wa kake so ya mutu a madadinsa? Kai ko fasinja? In na ƙara ganin wannan a motarka, kada ka sake gaishe ni."

A gaban mutane ya faɗa, da ƙarfi. Bappa ya sunkuyar da kai ya ce ba zai ƙara ba.

Aikin ya tafi daidai. Ya jawo sabuwar waya mai kauri, ya ba ta fis ɗinta, ya yi mata rigar tif a duk hujin da ta bi. Saura ya samo inda zai ɗauki 'yar wutar da za ta tayar da manyan fitilun in an ja makunni. Ya lalubo bayan makunnin fitila, sai ya ji bakin waya biyu suna reto, kaurinsu ɗaya, an datse su an bari. Da alama wani mai motar na baya ya taɓa sa wani abu a wurin ya cire. Ya taɓa su da ƙararrawarsa bayan ya mai da batir na ɗan lokaci, duka shiru, wanda ba abin mamaki ba ne tunda makunni a kashe yake. Ya yi zaton waya guda ce aka raba biyu. Ya sake cire batir, ya yi gyaran murya.

Kande ta zo da moɗa.

"Waɗannan biyun," ya ce ƙasa-ƙasa, "launinsu ɗaya?"

Ta duba da kyau, don ba ta wasa da abin da ya sa ta. "Duka ja ne, Malam."

Ya datse bakunansu da suka yi tsatsa ya jefa guntayen a aljihu yadda ya saba, ya haɗa su biyun da tasa sabuwar, ya zuba dalma, ya naɗe. Haɗi mai kyau, wanda ba zai taɓa kwancewa ba.

Da aka mai da batir, rikoda ta ɗauka, oda ta amsa, sigina tana ƙyaf-ƙyaf ana jin ƙararta. Duk abin da kunne ke ji ya gwada. Bappa ya kai hannu ga makunnin fitila ya ce, "A duba ko sun saitu?" Saita fitila aikin ido ne. In an ja makunnin, dole Ya'u ya tsaya a gaban mota ya ce a ɗaga wannan, a sauke wancan, ga 'yan tasha tsaye suna kallo.

"Wa ya taɓa saita fitila da tsakar rana?" ya ce da tsawa. "Bar ta. Ka je ka yi lodinka, gobe da asuba ka kawo ta."

A duk rayuwarsa bai taɓa sallamar mota da makunnin da bai ja ba, sai ranar.

Labari ya iso tasha washegari da hantsi. Bas ɗin Bappa ta ƙone ƙurmus a hanyar Gololo, wajen magariba, da buhunan gero da wake a sama. Fasinja duk sun fita. Bappa ne da ya ga hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin sitiyari ya cusa hannu biyu yana ƙoƙarin tsinke wayoyin, robar da ta narke ta manne masa. Yana asibiti.

Abin da ya fi yi wa Ya'u ciwo shi ne babu wanda ya kalle shi. Kafin azahar tasha ta gama yanke hukunci. Ai kowa ya ji faɗan da aka yi wa Bappa jiya a kan takardar taba. Wani fasinja ma ya ce da idonsa ya ga Bappa ya tsaya a hanya ya sake cusa ta da sigina ta ɗauke. Shi ke nan. Aka yi ta zuwa ana yi wa Ya'u jaje, wai an ɓata masa aiki.

Shi kuwa bai iya cin abinci ba. Ya yi ta bin aikin nan a zuci, waya bayan waya, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Ko'ina ya bi sai ya tarar da shi daidai, sai wuri guda, inda ba hannunsa ne ya yanke hukunci ba. Ya laluba aljihun rigar aiki, guntayen nan biyu suna nan. Ya shiga shagon Azubuike ya ajiye su a kan kantar shagon kamar ba komai.

"Azu, kana da irin waɗannan?"

Azubuike ya ɗauka ya juya. "Jar akwai, Oga. Amma wannan ruwan ƙasar ta ƙare. Ai ta motar Jamus ce, wadda ke komawa jikin bodi. Me za ka yi da ita? Sa baƙa mana."

Ya'u ya dafa kantar. A motar Jamus, ja wuta ce. Ruwan ƙasa kuwa ita ce ke komawa jikin ƙarfen mota, wadda ba a yarda ta haɗu da wuta ko a mafarki. Wannan shi ne darasin farko da Baba Olusegun ya koya masa. Da hannunsa ya aurar da su, ya zuba musu dalma, suka zauna suna jiran a ja makunni.

Da ya koma gida ya kira Kande tsakar gida inda akwai haske, ya miƙa mata guntu ɗaya.

"Wannan wane launi ne?"

"Ja."

Ya miƙa ɗayan. "Wannan fa?"

"Ita ma ja. Waccan ja wur, wannan kuma ja irin na saniya." Ta dube shi. "Lafiya, Malam?"

Ya rasa ta inda zai kama ta da laifi. Ba ta yi ƙarya ba. A bakin Kande, da bakin uwarta, da bakin duk wanda ya tashi a ƙauye, saniya mai wannan launi jar saniya ce, ƙasa mai wannan launi jar ƙasa ce, akuya ma haka. Shi kansa a kasuwar dabbobi haka zai ce. A cikin mota kaɗai kalmar ta rabu biyu, shi kuwa bai taɓa zaunar da ita ya gaya mata ba, don bai taɓa tunawa ba. Ya ari idonta ya manta cewa da bakinta zai zo.

"Lafiya lau," ya ce. "Jeki abinki."

Bayan an sallami Bappa daga asibiti, kafin ya wuce Gololo, sai ga shi ya yi sallama a ƙofar ɗakin Ya'u da la'asar. Hannayensa biyu a naɗe da bandeji har gwiwar hannu, yana riƙe da su a gaba kamar mai ɗauke da tire. Kande ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, da ta ga ba zai iya ɗauka ba sai ta ajiye a gefe ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Ya'u ya riga ya shirya. Ya yi ta maimaita maganar a ransa, yadda zai fara da idon, ya ƙare da makunnin. Aka gaisa, ya yi masa ya jiki. Sannan ya ce, "Bappa, lokacin da hayaƙin ya tashi, me ka taɓa?"

"Fitila na ja, Malam Ya'u, duhu ya fara. Ina ja sai wari." Ya numfasa. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Gafara na zo nema. Ka gaya mini a gaban jama'a, na ce ba zan ƙara ba, ban kai Gololo ba na ƙara. Na ƙone abincin 'ya'yana da hannuna, na ƙone kayan mutane, na kuma jawo ana ambaton sunanka a cikin maganar gobara, abin da ba a taɓa yi ba. Ka yafe mini."

Ya'u ya san takardar taba a fis ɗin sigina ba ta da hannu a wannan wutar. Kalma kaɗan ce za ta sauke wa bawan Allahn nan kayan da ya ɗauka. Amma in ya ce ba ya gani, tambaya ta gaba ita ce wa yake duba masa waya, ga ta nan zaune a bakin ƙofa, yana jin numfashinta. Mace ce da in kazar maƙwabta ta mutu a tsakar gidanta sai ta kwana biyu ba ta da sukuni. Haka ya gaya wa kansa, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar a ƙarƙashin wannan, wadda ya ji ta sarai: ko da Kande ba ta wurin, ba ya jin zai iya buɗe baki ya kashe sunan nan da kansa.

Shirun ya yi tsawo har Bappa ya ɗauka fushi ne. Ya ƙara sunkuyawa ya ce, "Don Allah, Malam Ya'u."

"Na yafe maka," in ji Ya'u.

Bappa ya yi ta godiya. Da ya tashi tafiya ya kasa zura takalmi, Kande ce ta juya masa su da ƙafarta.

Ya'u bai ƙara komawa gindin maina ba. Ya ce bayansa ne ya riƙe. Aka yi ta aiko masa, har daga Katagum da Dagauda, yana cewa sai ya ji sauƙi, har aka gaji. Azubuike ya ajiye masa akwatin ƙarfen a shagonsa, ba a je an ɗauko ba. Kande ta mai da tukunyarta ƙofar gida, da ɗanwaken nan aka ci gaba da rufa asiri. Ta tambaye shi sau ɗaya ko wani abu ta yi, ya ce babu, ba ta sake ba. Idon ya ƙarasa rufewa a hankali, kuma da yake ya riga ya bar aiki, mutane suka ce Allah ya so shi, ya ajiye sana'a kafin ido ya ci amanarsa.

Sunan bai yi ko ƙwarzane ba. Har cikin shekarun casa'in, in mota ta yi hayaƙi a hanya, tsofaffin direbobi sukan girgiza kai su ce tun da Ya'u ya bari aka daina wayarin a Azare. In an kawo masa wannan magana gida don a faranta masa, sai ya juya fuska bango.

Hannun Bappa ya warke a ƙanƙance, yatsun ba sa miƙewa, bai ƙara riƙe sitiyari ba. Ya koma tsaron awakin wani a kasuwar dabbobi. Duk sanda ya shigo Azare sai ya biyo ya gaishe da Ya'u, wani lokaci da 'yar ƙwaryar nono a maƙale a ƙirji. Ya durƙusa a gefen tabarma, su gaisa. In zai tashi sai ya ce, "Da na ji maganarka, Malam Ya'u."

Ya'u ya ce, "Ya wuce, Bappa."

Haka suka yi ta yi har ɗayansu ya rasu, kuma Bappa ne ya riga.